Amsa: Laifin wa ne rikicin haraji na 2012 a Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko Obama ne ko 'yan Republican suka jawo takaddamar ƙarshen 2012. A ganina sai an fara komawa 2001 da 2003, lokacin da gwamnatin George W. Bush ta Republican ta rage haraji. Ba su da ƙuri'u 60 da ake buƙata don hana 'yan adawa toshe doka a Majalisar Dattawa, sai suka bi hanyar da ke buƙatar rinjaye kawai, wadda dole ta sa dokar ta zama mai wa'adi. A 2010 Obama ya tsawaita ta da shekara biyu, wato wa'adinta zai ƙare a ƙarshen 2012 haraji ya koma sama, shi ma da hannunsa a ciki ke nan.

Ga kuma yarjejeniyar bashi ta 2011, wadda ta ce in kwamitin haɗin gwiwa na jam'iyyun biyu ya kasa cimma matsaya kan rage giɓin kasafi, za a zaftare kusan dala tiriliyan 1.2 daga kuɗin da gwamnati ke kashewa. Ya kuwa kasa, sai lokacin fara zaftarewar ya zo daidai da ƙarewar ragin harajin.

Amma ni na fi ɗora wa 'yan Republican na Majalisar Wakilai. Yawancinsu sun sa hannu a alkawarin Grover Norquist, wani ɗan fafutukar adawa da haraji, na ƙin ƙarin haraji ko sisi. A Disamba kakakinsu John Boehner ya kawo tayin ƙara haraji ga masu samun sama da dala miliyan ɗaya a shekara kaɗai, mutanensa suka juya masa baya har ya janye ba a kaɗa ƙuri'a ba. To da wa Obama zai daidaita?

Ranar 1 ga Janairun 2013 aka sasanta: masu samun sama da dala 400,000 a shekara suka koma biyan harajin kashi 39.6 cikin ɗari maimakon 35. Harajin albashi kuwa ya tashi daga kashi 4.2 zuwa 6.2, kuma ɓangarorin biyu suka ƙyale shi.