Tambaya da Amsa: Kujerar fatar kakanmu mai tambarin wani shagon Landan

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari Allah ya ƙara basira. Dan Allah tambaya ce dani akan wata tsohuwar kujerar fata da muka gada. Kakanmu Allah ya jiƙansa kuku ne, ya daɗe yana ma wani Baturen kuza aiki a Bukuru, to da Baturen zai koma gida cikin shekarun 1970 sai ya bar masa kujerar zamansa, irin mai zurfin nan mai hannu biyu, bayanta duk maɓallai, ƙafafun gaba kuma da ƴan tayoyi. Bayan rasuwarsa aka jefa ta sito aka manta da ita, sai bana na fito da ita na kai ma wani dattijo mai gyaran kushin a wajen kasuwar Katako. Baban nan ya ƙi sa mata soso ya ƙi canza fatar, sifirin ɗin kawai ya sake ɗaurewa, ya kaɗe gashin dake ciki ya mayar, hannun dama da ya yage shi kaɗai ya sa ma sabuwar fata. Yana cikin aikin ya ga wani ɗan faranti a jikin katakon ƙasa an rubuta Maple & Co Ltd, London, Paris, Buenos Aires. Yanzu Yayana cewa yake an cuce ni tunda kujera ta dawo da kamar tsufanta, wai ko a maida ta a sa mata leda sabuwa, ko a sayar tunda wani abokinsa yace ta zamanin Sarauniya Biktoriya ce zata yi kuɗi sosai. Malam su waye waɗannan Maple ɗin, kuma da gaske ta zamanin ce? Ya zanyi da ita?

Daga wata ƴar uwa a Rikkos, Jos

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya jiƙan kaka ya kai haske kabarinsa. Tun kafin muje ko'ina ki koma Katako kiyi ma dattijon nan godiya, in da hali ma ki ƙara masa wani abu akan ladan aikinsa, domin abinda yayi shine daidai, kuma wallahi ba kowane mai kushin ne zai yi shi ba a yau. Mafi yawansu da kin kai musu kafin ki juya baya sun yage fatar sun zubar da gashin a bola sun cusa soso, ki dawo ki tarar da kujera tana ƙyalli amma ba ta kakanku bace kuma.

Maple & Co shagon kayan ɗaki ne a Landan, akan wani titi da ake kira Tottenham Court Road, titin da a lokacin ya shahara da masu sayar da kujeru da gadaje. Wani mutum John Maple ne ya buɗe shi a 1841, shekara huɗu kenan da hawan Sarauniya Biktoriya tunda ita ta hau a 1837. Ya fara da ɗan madaidaicin shago ne shi da abokin kasuwanci, daga baya suka rabu ya cigaba shi kaɗai. Amma wanda ya ɗaga harkar ta kai inda ta kai ɗansa ne, John Blundell Maple, wanda aka haifa a 1845. A hannunsa shagon ya dinga haɗiye maƙwabtansa har ya zama ɗaya daga cikin manyan shagunan kayan ɗaki na duniya a wancan zamanin, mutum zai shiga ya zaɓi komai na gida tun daga gado da katifa da labule da darduma har kujerar zaman mai gida, a ɗaure masa a saka a jirgin ruwa a kai masa duk ƙasar da yake. Su suka ƙawata gidan wakilin Sarauniya a Indiya, wanda ke garin Simla, suna kuma yi ma otal-otal da ofisoshin jakadanci aiki. Shi Blundell ɗin har majalisar dokokin Ingila ya shiga a 1887, mutum ne mai son dawakin sukuwa, kuma da kuɗinsa aka sake gina asibitin University College dake kusa da shagon nasu. Ya rasu a 1903. Kamfanin ya cigaba bayansa shekaru da yawa, a 1980 aka haɗe shi da wani tsohon kamfanin mai suna Waring & Gillow, a 1997 kuma ya durƙushe.

To yanzu maganar abokin Yayanki. Shagon na zamanin Biktoriya ne babu ko shakka, amma kujerar taki ni dai ina ganin bayan zamanin aka yi ta, kuma farantin da kika karanto min ne ya faɗa. Kinga waccan Ltd ɗin, sai a 1891 kamfanin ya zama mai hannun jari ya fara amfani da ita, kenan kujerar bata girmi wannan shekarar ba. Sannan Buenos Aires babban birnin Ajantina ne, reshensu na can kuwa a farkon ƙarni na 20 aka buɗe shi, ita kuma Sarauniya ta rasu a watan Janairun 1901. Ki haɗa da tarihin garinmu Jos, Turawan kuza sai bayan 1902 suka fara hawowa tsaunin nan, farko ma a kan ƴan dako ake kawo musu kaya, ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya sai wajen 1914 ya iso, babban layin da ya biyo ta Kafanchan kuma 1927. Katuwar kujera irin wannan ta fi kama da kayan da suka shigo bayan jirgi ya samu. Kuma kar wannan ya sa jikinki yayi sanyi, kujerar da ta kai ko ta kusa shekara ɗari kuma har yau ana zama akanta ai ba ƙaramin abu bace. Fasalin nan na maɓallai da zurfin zama tun zamanin Biktoriya aka saba dashi, shagunan suka cigaba da yinsa bayanta saboda masu saye basu daina so ba, shi yasa mutane ke ruɗewa.

Wani abu kuma, farantin yana nuna wanda ya sayar ne. Maple suna da nasu masana'antun amma suna kuma sayen kaya a hannun ƙananan kafintoci su liƙa sunansu, kamar dai yadda ake yi har gobe a kasuwa.

Abinda ke cikin kujerar shine ya fi burge ni, kuma nan ne dattijon ya nuna ya san sana'arsa. Gashin da ya kaɗe ya mayar gashin doki ne, na wutsiya da na geza, ana murɗa shi a dafa ya nannaɗe shi yasa in ka zauna ya lotsa in ka tashi ya dawo, baya riƙe gumi, baya rugurgujewa ya zama gari yadda soso ke yi bayan ƴan shekaru. A ƙarƙashinsa akwai sifirin na ƙarfe da aka ɗaure ɗaya bayan ɗaya da igiya akan ɗamarar algarara, dabarar da aka yi ma rajista a Landan tun 1828. Soso irin namu na yanzu sai cikin shekarun 1950 ya shigo harkar kushin. Duk ranar da aka cire gashin nan aka sa soso an gama da rabin darajarta, kuma ba zama mai daɗi aka ƙara ba.

Fatar kuma ki duba min ita da kyau da rana. In kinga manyan ɓangarori ne shimfiɗe babu yawan ɗinki to fatar saniya ce. In kuwa ƙananan yanka ne aka harhaɗa, fuskarta da ƴan ƙananan ƙwayoyi-ƙwayoyi, to ta akuya ce, irin wadda Turawa ke kira fatar Maroko suna rufe kujeru masu tsada da bangon littattafai da ita. Kuma abinda ke sosa min rai duk sanda na tuna, da yawa daga cikin fatar da ake kira ta Maroko ɗin nan daga ƙasar Hausa take, ta jar akuyar Sakkwato ce, majemanmu na Kano da Sakkwato suka jeme ta da bagaruwa aka rina da karan dafi, fatake suka ratsa Sahara da ita akan raƙuma har Arewacin Afirka, daga can ta haye Turai da sunan wata ƙasar. Yau ɗinnan in kinje Ƙofar Wambai a Kano zaki tarar da masu jima da dukawa suna kan sana'ar. Saboda haka in nan gaba wani wajen ya sake yagewa, fatar da aka jeme da bagaruwa zaki nema a yi faci da ita, ita ce ta fi kusa da irin jimar da, kuma a gida take ba sai an aika waje ba.

Kula da ita a Jos yana son lura saboda yanayinmu. Hunturu ne babban abokin gabar tsohuwar fata, iskar nan mai bushewa tana tsotse ta har ta tsattsage, to kar a ajiye ta bakin taga inda rana ke dukanta, kar kuma a kawo kaskon gawayi ko hita kusa da ita in sanyi ya matsa a Disamba da Janairu. Da damina kuma musamman Agusta a janye ta daga jikin bango kar tayi funfuna, kar a barta akan ƙasa tsura saboda gara. Shara da busasshen tsumma mai laushi ta isa. Banda omo, banda kananzir ko fetur, banda man ja ko man gyaɗa ko baƙin mai, banda folish ɗin takalmi. Nasan za'a ce miki ki shafa man kaɗanya, ni dai bana ba da shawarar a malala mata shi, yana sa tsohuwar fata tayi duhu ya kama ƙura, in ma za'a gwada to ɗan kaɗan a bayan kujerar inda ido baya kaiwa, a jira kwanaki a gani. In kuma kika shafa hannu kika ga jan gari yana biyo tafinki to fatar ce ke ruɓewa daga ciki, ba mai da zai warkar da wannan, sai a rage zama akanta a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi na Jos, wanda ke nan tun 1952, sun saba da adana kayan fata.

Batun sayarwa, Maple sun sayar da kujeru masu ɗimbin yawa, ba abu bane da babu irinsa a duniya, kuma masu sayen irinta da tsada yawanci a Turai suke, kuɗin ɗaukarta zuwa can kaɗai zai cinye abu mai yawa. Waɗanda zasu zo gida su taya kuwa ƙasa-ƙasa zasu taya. Ki zauna da Yaya cikin ladabi ki nuna masa wannan amsar, tunda kayan gado ne in akwai sauran masu haƙƙi a ciki a yi mata kuɗi ki biya su rabonsu ki riƙe abinki da yardar kowa. Tsohuwar fatar hannun da aka cire ma in tana wajen dattijon ki karɓo ki adana, sannan ki samu tsofaffin gidanku tun suna raye su faɗa miki sunan kamfanin da kaka yayi ma aiki da shekarar da aka bashi kujerar, ki rubuta a takarda ki ajiye tare da hoton farantin.

TAMBAYA

Salam Malam. Na ga wata kujerar fata a wani shagon kayan ɗaki anan Abuja, mai shagon yace tsohuwa ce ta zamanin Biktoriya aka gyara aka shigo da ita daga Ingila, kuɗin da ya faɗa kuwa ba kaɗan ba. Ta yaya zan gane gaskiya ce ko sabuwa ce aka tsufar?

Daga wani ɗan uwa a Gwarinpa, Abuja

AMSA

Wa alaikas salam ɗan uwa. Kace a kifa maka ita ka ga ƙarƙashi, mai gaskiya bazai hana ba. Tsohon aiki da ƙananan ƙusoshi ake kama shi, kuma zaka ga tsofaffin ramukan ƙusa birjik a jikin katakon. In fin ɗin sitefula kaɗai ka gani akan katako fari fes, ko falawud, ko sukurori masu kan kuros waɗanda sai shekarun 1930 suka fito, to ƙirar ba ta zamanin Biktoriya bace. Ka danna wajen zaman da hannu ka saurara, gashin doki yana ɗan ƙaras-ƙaras, soso shiru yake. Ka duba tayoyin ko na tagulla ne da suka ci ƙasa, wani lokaci har da sunan maƙerin a jiki. Tsufan gaskiya a inda hannu da kai da gwiwa ke gogawa yake fitowa, in kaga ko'ina ya koɗe iri ɗaya har bayan kujerar to da gangan aka yi. Faranti kuma ana iya ciro shi daga wata kujerar a liƙa, ka duba ko katakon dake gefensa ya nuna ya daɗe a wajen. In aka ce an sake mata fata gaba ɗaya ba laifi bane, amma kuɗinta ya kamata ya sauka, kuma kace ya rubuta maka abinda ya faɗa a jikin rasit kafin ka biya.