Yaya, ga yadda muke zaɓen askirim a nan

Yaya, barka da gida. Ya zafin Kano, ya yara da maigidan? Saƙonki ya iso. Kin tambayi wane askirim na banila mu Hausawan New York muke saye a kanti, sannan ko gaskiya ne abin da kika ji a gidan biki, wai akwai giya a ciki. Zan fara da tambayar farko, don ita ce za ta kai mu ga ta biyun.

A nan sunan kamfani ba shi ne farkon abin dubawa ba. Matar da ta daɗe a unguwar Bronx ta New York in ta buɗe firizar kanti, roba biyu masu girma ɗaya take ɗauka, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ta jinjina su. Wadda ta fi nauyi ita ke shiga kwando. Dalili kuwa, yayin da inji ke kaɗa madarar tana daskarewa, iska ke shiga cikinta, kuma mai araha ana iya kaɗa shi har rabin robar ya zama iska. Kin san yadda kike leƙa ƙwaryar Bafulatana ki gane kindirmo ne ko tsala tun ludayi bai shiga ba? To haka ne, sai dai a nan hannu ke yin aikin ido. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta kafa ƙa'ida: kafin a kira abu askirim, sai maiƙon madara ya kai kashi 10 cikin 100, kuma galan ɗaya kada nauyinsa ya gaza fam 4.5, wato kimanin kilo 2. Wanda ya gaza ba a yarda ya ɗauki sunan ba, sai ki tarar an rubuta masa "frozen dairy dessert", wato daskararren kayan zaƙi na madara, da ƙananan baƙaƙe can ƙasan roba. Baƙo ba ya lura da wannan rubutun. Shi ya sa duk sabuwar zuwa, matan unguwa sukan nuna mata shi tun fitarta kanti ta farko.

Ni a bakina Häagen-Dazs ne a gaba. Sunan kamar na Turai, alhali ƙirƙirarsa aka yi, kuma a nan Bronx ɗin da muke zaune Reuben Mattus da matarsa Rose suka fara shi wajajen 1960. In kin juya bayan robar banilarsu abu biyar za ki gani: kirim, madara, sukari, gwaiduwar ƙwai da ruwan banila. Yana fitowa daga firiza da tauri, har cokali ya lanƙwashe in kika matsa masa, sai kin ajiye shi ɗan lokaci ya saki jiki. In ya saki, yana narkewa a hankali, ya bar maiƙo a harshe da ƙamshin da ba ya gudu da wuri. Aibinsa tsada da ƙanƙantar roba. Tun 2009 suka rage ta daga oza 16 zuwa 14.

Ben & Jerry's na jihar Vermont, wanda aka kafa a 1978, shi ma yana da nauyi, amma ƙarfinsu na wajen masu cakulan da gyaɗa ne, banilarsu zalla ba ta kama ni sosai ba. Breyers tsohon gida ne, daga Philadelphia tun 1866. Banilarsu mai ɗigo-ɗigon baƙi tana da ɗanɗanon madara tsantsa, ba nauyi, yara na son ta, sai dai a cikin robobinsu akwai waɗanda ba su cika ƙa'idar nan ba, dole ki karanta kowace. Tillamook na ƙungiyar makiyayan Oregon shi ne na tsakiya, ga laushi ga yalwa, shi na fi saye in baƙi za su zo. 'Yan uwanmu na Houston kuwa ba ka isa ka raba su da Blue Bell ba, duk da ya fi sauran zaƙi kuma an haɗa masa ƙamshin banila na sinadari.

Kowanne da wurinsa. Ranar suna ko walimar sauka, in an kama zaure an cika da mutanen Kano da na Yamai da 'yan zangon Kumasi, babban bokiti mai araha ake sayo wa yara, a zuba musu a kofin takarda, ba wanda ke ganin laifin haka. Ƙaramar roba mai tsada ta manya ce, tana fitowa bayan an ci tuwo an natsu, cokali biyu-biyu a ƙaramin kwano. Da azumi ya faɗo lokacin zafi, akwai gidajen da ke ɗora shi kan dabino ko mangwaro bayan tarawi. Fura dai ba ta bar matsayinta ba.

Batun giya kuma, abin da aka gaya miki yana da tushe. Ruwan banila na asali ana samunsa ne ta hanyar jiƙa kwanson banila a cikin sinadarin barasa, kuma dokar Amurka ta ce barasar ta kai aƙalla kashi 35 cikin 100 na ruwan. Amma kaɗan ake zubawa cikin madara mai yawa, ko mutum ya shanye robar ba abin da zai ji. Malamanmu sun rabu biyu. Wasu sun ce tunda ba ya sa maye komai yawan abin da aka sha, kuma ba don sha aka yi barasar ba, babu laifi. Wasu sun ce barinsa ya fi. Masu bin magana ta biyu sukan nemi tambarin halal, irin na ƙungiyar IFANCA mai jinjirin wata da harafin M, ko su sayi kwanson banila su haɗa nasu a gida. Abin da nake so ki sani shi ne ba ma faɗa a kai. In na san maƙwabciyata ba ta sha, ba na miƙa mata, ita ma ba ta ɗaga robata tana karantawa a gaban mutane. Inda kowa ke tsayawa cak shi ne jelatin, sinadarin da ake sawa don kauri, don ana iya yin sa da fatar alade. In ya fito a jerin kayan haɗi ba tare da tambarin halal ba, a mayar da roba firiza.

Tsadar na gaske kuma tana da dalili. Yawancin banilar duniya daga Madagaska take zuwa. Furenta yini ɗaya yake buɗewa, da hannu ake yi masa barbara ɗaya bayan ɗaya, dabarar da wani yaro bawa ɗan shekara 12, Edmond Albius, ya gano a tsibirin Reunion a 1841. Bayan girbi sai an yi watanni ana shanyawa ana rufewa kafin ƙamshi ya fito. Da guguwar Enawo ta afka wa gonakin a 2017, kilo ɗaya ya kai kusan dala 600. Masu araha sinadarin da aka haɗa a masana'anta suke sawa. Kada ɗigon baƙi ya ruɗe ki, ƙwayoyin da kansu ba su ɗauke da ƙamshi sosai, ado ne.

Ke da kike Kano, damuwarki ta wuce tamu. Askirim yana son sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili ba yankewa. In wuta ta ɗauke ya narke, aka dawo da ita ya sake daskarewa, iskar ta fice, ƙanƙara ta yi manyan ƙwayoyi, sai ki ji shi garas-garas a haƙori. Häagen-Dazs da ya sha wannan wahalar a hanya bai kai Fan Ice ɗin da ya kwana a firiza mai sanyi ba, kuma kin biya ninki-ninki. In kin shiga kanti a Zoo Road, duba murfin. Idan ƙanƙara ta yi masa fari, ko askirim ya ɗiga ya bushe a gefe, ko kika ga ya zauna ƙasa ya bar sarari a sama, wuce shi. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewarsa. Shi za ki ɗauka a ƙarshe dab da biyan kuɗi, ki tafi da kula a mota, don a ranar Afrilu kafin ki kai Ɗorayi ya zama ruwa.

In kin je, ɗauko mini hoton bayan robobin da kika gani, mu karanta tare. A gaida Hajiya da kyau.