Tambaya da Amsa: Ya gajerun halittu za su yi faɗa da manya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta labarin wata ƙirƙirarriyar duniya da nake so in maida gem nan gaba, akwai wata ƙabila a ciki da tsayinsu bai wuce ƙugun mutum ba. Duk sanda na haɗa su yaƙi da mutane, ko su sha kashi ko nasarar tasu ta fito kamar ƙarya. Ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ina zargin takobi ka miƙa musu ka ce su tsaya gaba da gaba a fili. To ai gajere ba ƙarfi ne ya fi rasawa ba, tsawon hannu ne, kafin ya iso inda zai kai sara an riga an sare shi. Ka ba su mashi, majajjawa, kwari da baka. In kuma dole sai an matso, su nufi bayan gwiwa da agara, inda sulke bai cika rufewa ba, ƙato in ya durƙusa ai tsayinsu ya zo ɗaya.

Duba yadda Dungeons & Dragons suka yi a bugu na 5 da ya fito a 2014, wato wasan tebur da 'yan wasa ke hawa matsayin jaruman labari, suna jefa dayis (ƙwallon nan mai lambobi irin na ludo) don sanin ko hari ya samu, babbar lamba ita ce sa'a. Haflin, ɗaya daga gajerun halittun wasan, tsayinsa wajen ƙafa 3 ne, ba a hana shi ɗaukar ƙaton takobi ba, amma in ya kai hari da makami mai nauyi dayis biyu zai jefa ya ɗauki ƙaramin, wato dai an ce masa ba layinka ba ne. Sai aka biya shi ta wani gefen, yana iya ratsawa ta inda wanda ya fi shi girma yake tsaye. Goblin kuma, wani ƙaramin dodo, ya kai hari ya zille ko ya ɓuya duk a zagaye ɗaya, shi ya sa yake ba 'yan wasa haushi. Ni na kobold, ƙaramin dodo mai kama da ƙadangare, ya fi burge ni, shi kaɗai ba komai ba ne, amma in ɗan'uwansa na cikin ƙafa 5 daga abokin gaba sai ya jefa biyu ya ɗauki babban, sarkin yawa kenan. Kuma hasken rana na rage masa gani, irin wannan raunin kar ka manta ka saka wa naka, in ba haka ba labarin zai yi lami.

Abin da marubuta suka fi mantawa shi ne gari. Mutanen da suka daɗe suna zaune kusa da ƙattai ba za su gina ƙofa mai tsayi ba. Lunguna matsattsu, rufi ƙasa-ƙasa, gada da ke ɗaukar nauyinsu amma ta karye da sojan da ya sha sulke. Ka sa maharan su shiga da rarrafe, takobi ya ƙi zaruwa saboda matsi, su kuma suna jira da mashi a ƙarshen ramin.