Tambaya da Amsa: Me ya sa ake ɗaure hannun mai rubuta manhajar birki?

Tambaya: Malam, ina koyon rubuta manhaja da harshen C a Tudun Wada, Kaduna. Malaminmu ya ce manhajar birkin mota da ta jirgin sama ba a rubuta su yadda mutum ya ga dama. Mene ne dalili?

Amsa: Gaskiya malaminka ya faɗa, ɗana. Manhajar waya idan ta cije, sai ka kashe ka sake kunnawa, amma ta birki idan ta cije mota tana sharara gudu a hanyar Zariya, rayuka ne za su salwanta. A 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta, saboda manhajarta ta cusa adadi mai faɗin bit 64 cikin gurbin da bit 16 kawai yake ɗauka.

Masana'antar motoci ta Birtaniya ta fitar da ƙa'idojin MISRA C a 1998, waɗanda suka hana amfani da sassan harshen C masu harshen damo. Ni dai na fi sha'awar dokoki goma da Gerard Holzmann na hukumar NASA ya tsara a 2006, domin ana iya haddace su. Cikinsu akwai cewa kowane zagaye, wato umarnin da manhaja ke ta maimaitawa, sai an san iyakarsa tun kafin ya fara, kada a nemi ƙarin wurin ajiyar bayanai a ƙwaƙwalwar na'ura bayan manhaja ta fara aiki, kuma kada wani sashen aiki ya wuce takarda guda, wato layi 60 ko kusa da haka, don mai dubawa ya gan shi gaba ɗaya.

Ka fara da kunna dukkan gargaɗin kwamfaila, wato manhajar da ke fassara abin da ka rubuta zuwa harshen na'ura, kada ka bar ko ɗaya ba ka gyara ba.