Kuɗina sun maƙale a Surat, an ce Diwali ce ta jawo

Tambaya: Ina sana'a a Kantin Kwari. A farkon Oktoba na tura wa ƙanin matata da ke karatu a Indiya naira miliyan 15 ya saro min mayafai a Surat, birnin masaƙu da ke jihar Gujarat. Har yau shiru. Ya ce a saƙon murya na WhatsApp bikin Diwali ake yi, an rufe masaƙu. Ya kuma ce in ƙaro miliyan 10 tunda kaya sun sauko, zan ninka riba. In ranto in tura?

Amsa: Alhaji, kada ka ranci ko sisi.

Yaron bai yi ƙarya kan bikin ba. Diwali babbar salla ce ta mabiya addinin Hindu, kwana 5 ake yi, tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba. Ana jera ƙananan fitilun kasko a ƙofar gida da taga, don tunawa da dawowar Rama, ɗaya daga cikin allolinsu, garin Ayodhya bayan shekara 14 a gudun hijira. A Surat kuwa yawancin ma'aikatan masaƙu baƙi ne daga wasu jihohi, sai su watse garuruwansu, aiki ya tsaya cak. Shaguna da yawa a jihar Gujarat ba sa buɗewa sai kwana 5 bayan babbar ranar, masaƙu kan fi haka daɗewa. Duk mai saro kaya a can ya san wannan, shi ya sa ake ba da oda tun da wuri.

Amma ba jinkirin ne ya tayar min da hankali ba. Na karanta wasiƙarka, ban ga sunan kamfanin da aka biya ba, ban ga rasit ba, ban ga adadin dila ko farashin yadi ba. Miliyan 15 a asusun ɗalibi, shaidarka kawai muryar WhatsApp!

Ka san me 'yan kasuwar Gujarat ke yi a daren Diwali? Rufe littafin lissafin bara suke yi su buɗe sabo, su ajiye shi gaban Lakshmi, wadda suke ɗauka allahiyar arziki. Kafin ranar kowa na ƙoƙarin biyan bashi da karɓar nasa, don washegari sabuwar shekararsu ce. Mutanen da ke girmama littafi haka ba sa karɓar kuɗi babu takarda. In har kuɗinka sun isa hannun mai masaƙa, akwai rasit. In babu rasit, ba su isa ba. Mu ma ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka.

Na san wani mai sayar da yadi da ya yi irin wannan da ɗan wansa. Yaron ba ɓarawo ba ne: kuɗin makaranta suka matse shi, ya taɓa kaɗan da niyyar mayarwa, sannan ya nemi ƙari don toshe ramin. Kunya ta hana kawun tambaya har jari ya ƙare, zumunci ya bi bayansa. Wannan “ƙaro miliyan 10” ita ce ta tuna min da shi. Batun ninka riba kuwa, cire kuɗin jirgi, kwastan, dakon Legas zuwa Kano da hawan dala, ka ga abin da zai rage.

Yau ka kira shi, cikin mutunci, ka nemi hoton rasit, sunan kamfani da lambar wayarsu. Da an buɗe kasuwa ka sa wani dillali da ba danginka ba ya je ya ga kayan da idonsa. In mako ya wuce babu takarda, ka zauna da matarka da surukinka a yi maganar a gaban shaidu, a rubuta yadda za a biya ka.