Amsa kan sabar da ke sumewa in jama'a sun yi yawa

Ɗan'uwa, ka ce sabarka ta Linux, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka na intanet, tana sumewa duk ranar da jama'a suka yi mata ca lokaci guda, ka ƙara ram amma shiru. Na sha wannan wahalar wallahi.

Akwai ranar da muka buɗe rajista a wani shafi da nake kula da shi, ba a yi minti goma ba komai ya tsaya cak, ko SSH, hanyar shiga saba daga nesa, na kasa shiga, ina zaune ina kallon baƙin allo waya kuma sai ruri take. Da na samu na kutsa sai na ruga na ɗaga somaxconn, wato tsawon layin masu jira, da can 128 ne, daga kanel 5.4 (kanel shi ne zuciyar Linux) aka mai da shi 4096. Ashe na ƙara jagula lamarin ne. Layi ya yi tsawo, mutum ya jira ya gaji ya sake dannawa, ita kuma saba tana ta haɗa amsar wanda ya riga ya tafi.

Abin da ya fisshe ni shi ne korar wasu tun daga bakin ƙofa. Yar da fakitin SYN, wato saƙon farko na neman shiga saba, kusan ba ya cin komai, amma in ka bari buƙata ta kai har rumbun bayanai kafin ka ce a'a, ai an gama cinye maka furosesa. Ka tabbatar tcp_syncookies, mai kare saba daga ambaliyar SYN, yana kan 1, wato a kunne, sannan ka sa hashlimit ko connlimit a iptables, wato mai gadin ƙofar Linux, don taƙaita sabbin masu shigowa, su kuma waɗanda ke ciki a bar su su gama. Kar dai ka matse da yawa, masu datar waya da yawa kan fito da IP ɗaya, wato adireshin intanet ɗaya, sai ka kori mutanen kirki a banza.

Sai tc, mai tsara zirga-zirgar data, da HTB, tsarinsa na raba layin intanet aji-aji. Ni aji uku na yi, SSH a sama, shafuka a tsakiya, manyan fayil a ƙasa su ci ragowa, fq_codel mai hana layi cunkushewa a ƙarƙashin kowanne. Ka sani tc ya fi iko kan abin da ke fita, na shigowa sai ka bi ta ifb, wata ƙofar bogi da ke sa tc ya ɗauke shi kamar mai fita.

Inda mutane ke ruɗewa, kanel ba ya ganin wa ke biyan kuɗi wa ke kallon hoto, HTTPS mai ɓoye saƙonni ya rufe komai. Don haka na ware wa shafukan shiga da biya nasu IP daban, na ba su nasu sabis a systemd, mai tafiyar da ayyukan saba, da CPUWeight mai nauyi, wato babban kaso na furosesa, asalinsa 100 ne yana kaiwa 10000. Rumbun bayanai kuma na rage masa OOMScoreAdjust don kar kanel ya fara kashe shi in ram ta ƙare.

In hari ne ya cika maka layin intanet gaba ɗaya, duk wannan ba zai yi ba, sai kamfanin da ke ba ka layi ya tace daga sama.

Kafin ka taɓa iptables daga nesa ka saita umarnin at, mai yin aiki a lokacin da ka ɗibar masa, ya goge dokokin bayan minti 5, ni sau biyu ina kulle kaina a waje.