Tambaya da amsa: Ana iya farfaɗo da mataccen batirin 18650?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Wani abokina ya turo mini bidiyo inda aka fasa tsohon batirin laptop, aka ciro ƙwayoyin 18650 (ƙananan baturan lithium da ke cikinsa), aka haɗa uku-uku aka samu 12V. Na fasa guda biyu, na samu ƙwaya goma sha biyu. Takwas suna nuna sama da 3V a mita, uku suna wajen 1.2V, ɗaya kuma sifili. Mai bidiyon ya ce a ɗan taɓa masu rauni da batirin 12V na daƙiƙa kaɗan za su tashi. Na gwada a kan ɗaya, ta hau zuwa 3V, amma da na sa ta a caji ta yi zafi har na kasa riƙe ta. Hankalina ya tashi, don a ɗakin da nake kwana nake wannan aikin. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗan'uwa, fitar da ƙwayar nan da ta yi zafi waje, ka ajiye ta a cikin yashi ko a kan siminti, nesa da duk abin da zai kama da wuta. Sauran biyun masu rauni da mai sifili su bi ta. Ka liƙe kawunansu da tef, ka kai inda ake karɓar tsofaffin batura. Takwas ɗin ne abin magana.

Wannan "tayarwa" da 12V ita ce ɓarnar da ta fi yawo a tsakanin masu sha'awar haɗa kayan wuta, kuma masu yaɗa ta ba sa nuna abin da ke faruwa bayan an kashe kyamara. Ƙwayar lithium tana aiki ne tsakanin 4.2V da kusan 2.5V. Idan ta faɗi ƙasa da 2V ta daɗe a haka, siririn fallen jan ƙarfe da ke ɗauke da gefen negetif yakan fara narkewa cikin ruwan sinadarin da ke ciki. Ranar da ka tura mata wuta, jan ƙarfen nan ba ya komawa inda ya fito. Taruwa yake yi kamar ƙananan ƙayoyi, su huda ledar da ta raba fozitif da negetif. Shi ke nan, ƙwayar ta yi shot daga ciki, inda fis ba ya gani, BMS (allon da ke kare haɗin batir) ma ba ya gani. Zafin da ka ji a hannunka alamar hakan ce. Mita ta nuna maka 3V, ka ɗauka ta warke, alhali mita ƙarfin wuta kawai take aunawa, ba ta san halin da ledar ciki take ba. Kuma ba dole ba ne ta kama da wuta a ranar farko. Tana iya yin caji goma lafiya, a na sha ɗaya ledar ta narke (wajen digiri 130 take fara narkewa), zafi ya haifi zafi, ta kunna ta kusa da ita, dukan haɗin ya tashi.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ƙwayar da ke nuna sifili, sau da yawa wata 'yar kariya ce da ke ƙarƙashin hular fozitif, wadda ake kira CID, ta yanke layi saboda iskar gas ta taru a ciki. Sai ka ga mutum a bidiyo ya zura sukundireba ƙarƙashin hular ya danna, wuta ta dawo, yana murna. Abin da masana'anta suka sa don ya hana fashewa shi ya lalata da hannunsa, ya kira shi gyara. Samsung, da duk injiniyoyinsa da ɗakunan gwajinsa, sai da ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda batirinta na kamawa da wuta. To ina ga mai sukundireba da ke neman masu kallo? Wanda ya tura wa abokinsa irin wannan bidiyon ba tare da gargaɗi ba, shi ma yana da alhaki a wuyansa.

Yanzu ga takwas ɗin. Ka caja kowace ita kaɗai da ɗan allon caji na TP4056, irin wanda yake da DW01A mai kare ƙwaya. Yawancinsu 1A suke bayarwa, don haka ka riƙa taɓa ƙwayar. Ɗumi-ɗumi ba komai, amma wadda ta wuce digiri 45 ka fitar da ita daga lissafi. Idan sun kai 4.2V, rubuta lambar a jikinsu, ka ajiye su mako biyu. Duk wadda ta sauko ƙasa da 4.1V tana zubar da caji da kanta, ba ta shiga haɗi. Sannan ka auna ainihin ƙarfin da suke ɗauka da cazar da ke gwada mAh (ma'aunin yawan cajin da ƙwaya ke riƙewa), ka haɗa waɗanda suka yi kusa da juna. Rubutun jikin ƙwaya kar ya ruɗe ka. Yawancin 18650 na gaskiya ba sa wuce wajen 3,500mAh, masu 9,800mAh ƙarya ce tsagwaronta.

TP4056 na ƙwaya ɗaya ne, ba ya caja uku a jere (fozitif ɗin wannan haɗe da negetif ɗin waccan). Haɗin uku a jere yana ba da 11.1V, ya cika a 12.6V, don haka yana buƙatar BMS na 3S (wato na uku a jere) mai daidaita ƙwayoyi, da caza mai tsayawa a 12.6V daidai. Adaftar 12V ba za ta cika shi ba, cazar batirin mota kuma za ta wuce da shi. Kafin ka haɗa biyu gefe da gefe (fozitif da fozitif, negetif da negetif), tazarar da ke tsakaninsu kar ta wuce 0.05V, in ba haka ba mai ƙarfi za ta juye wa mai rauni wuta mai yawa lokaci guda.

Wajen haɗawa, waldar tabo (spot welding) da fallen nikel mai kaurin 0.15mm ita ce hanya. Dalma tana daɗe da zafi a kan ƙwaya. In ba ka da injin, sayi gidan batir mai sifirin. Ka duba ledar jikin kowace da kyau, domin gwangwanin gaba ɗaya negetif ne, har bakin da ke zagaye da hular fozitif, kuma 'yar yagewa a wurin ta isa ta haddasa shot. Wadda ledarta ta yage, sake mata leda, ka sa zoben takarda a kai, ka sa fis a kan wayar fozitif kusa da haɗin. Caji kuma a yi shi a wajen ɗakin kwana, kana farke, kana kusa.